Hawan Ɗa'ifa bayan Umra: amsar Hausawan Makka ga ɗan'uwa na Argungu

Assalamu alaikum, Alhaji. Saƙonka ya iso. Ya mutanen Argungu, ya ƙarfin jikin Inna? Ka ce in ka gama Umra kana da kwana huɗu a hannu, kana tare da Inna da maiɗakinka, kuma ka ji labarin mu Hausawan nan muna "hawa Ɗa'ifa" in zafi ya matsa. Kana so ka taka dutse da ƙafarka, ka kuma ga wuraren tarihi. Zai yiwu, da sharaɗin ka ɗauki Ɗa'ifa a matsayin dutse, ka ba jikinka haƙƙinsa, kada ka cusa Abha, wani birnin dutse da ke kudancin ƙasar, a cikin kwana huɗun nan. Abha ta haura kilomita 500 daga Ɗa'ifa, wannan tafiya ce mai zaman kanta.

Ka fara sanin mutanen da za su karɓe ka. Hausawan Hijaz ba jiya suka zo ba. Akwai waɗanda kakanninsu suka taso da ƙafa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka ratsa Sudan, suka ƙetare Bahar Maliya. Za ka ji sunayen gidaje irin su Hausawi da Fallata da Barnawi. Wasu 'yan ƙasa ne, wasu da iƙama suke zaune, wasu kuma takardunsu ba su cika ba. Don haka ba a tambayar mutum matsayin takardarsa, ko da cikin raha. Kalmar Takari da kuke faɗa a gida ba tare da nufin komai ba, a nan tana sosa rai, ka bar ta a Ambursa kafin ka hau jirgi. Yaran za su amsa maka da Larabci gauraye da Hausa, su kira ka "ammi" ko "hali", su kira Inna "sitti". Girmamawa ce.

Yadda muke fita shi ne, gidaje uku ko huɗu su haɗu su yi abin da ake kira gaɗɗa, wato karo-karo. Ana lissafa hayar masauki da man mota da nama da gawayi, a raba bisa kan manya, a damƙa kuɗin a hannun mutum ɗaya. Masaukin ana ce masa istiraha: gida ne mai katanga da fili, da ɓangaren maza daban, na mata daban, da kicin. Baƙo ba ya shiga gaɗɗa. In ka matsa sai ka biya, ka kunyata mai gayyatarka. Hanyar da ake bi ita ce ka riƙo tsaraba daga gida, kuka da daddawa da yajin ƙuli, a ɗaure da kyau cikin jakar kaya. Kada ka ɗauko goro, hukumomin alhazai sun sha gargaɗi a kansa, kuma kada ka karɓi ƙunshin saƙon da ba ka ga cikinsa ba, ko na wane ne.

Bizar Umra tana ba ka damar zuwa sauran garuruwan ƙasar. Ta Hajji ba haka take ba, ta taƙaita ga Makka da Madina da Jidda. Ka duba ranar ƙarshe ta fitar masu Umra, domin ana rufewa kafin Hajji, ka kuma riƙe fasfo a jikinka saboda shingayen bincike.

Makka tana kan mita 280 ne sama da teku, Ɗa'ifa kuwa ta kusa 1,900, Hada, yankin dutse da ke kan hanyar Makka zuwa Ɗa'ifa, wajen 2,000, Dutsen Daka da ke Shafa, wani yankin dutse kusa da garin, ya haura 2,500. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana sauka da wajen digiri 6. Kenan tsakanin Harami da Ɗa'ifa akwai kusan digiri 10, a tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. Da damina ko bazara ka zo, ka riƙo rigar sanyi ɗaya ga kowa. In hunturu ne, sanyin daren Shafa ya wuce na Janairun bakin gulbi da ka sani, a haɗa da safa da hular sanyi, musamman don Inna.

Hanya biyu ce. Ta Hada ta fi kusa, ta fi kyan gani, amma kwana-kwana ce a jikin dutse, kuma akan rufe ta in an yi ruwa ko hazo ya sauka ko duwatsu sun gangaro. Ta Sail ta fi tsawo, hawanta a kwance, ita manyan motocin kaya suke bi. Mu mukan hau ta Hada da hantsi, mu sauko ta Sail. Mai jiri a mota ya zauna gaba, ya ci abu kaɗan, ya riƙa tsotsar citta. Kunne zai toshe, haɗiyar yawu tana buɗe shi. Ku ɗauki direba mai lasisi da ya san dutsen. In kuka ga yana saukowa da ƙafarsa a kan birki koyaushe, ku ce ya sa ƙaramar giya, domin birkin da ya yi zafi yakan daina kamawa, kuma warin ƙauri shi ne alamar farko. Ku guji yammacin Alhamis da ranar Juma'a, lokacin da rabin Makka da Jidda ke kan wannan hanya. Lahadi zuwa Laraba ta fi sauƙi, hayar masauki ma ta fi araha.

Kada ka hau washegarin Umra da niyyar taka dutse nan take. Sa'ayi kaɗai ya haura kilomita 3 a kan tayil, ga ɗawafi, ga zirga-zirgar masallaci. Tafin ƙafa da agara suna buƙatar kwana ɗaya ko biyu. Ranar farko a Ɗa'ifa ta hutu ce: ku sauka, ku yi ƙailula, ku sha ruwa sosai, da la'asar ku je masallacin Abdullahi ɗan Abbas, wanda ya rasu a garin a shekara ta 68 bayan hijira. Tsohuwar kasuwa tana nan kusa, ta zuma da man shanu da turare. Abincin dare ku nemi saliƙ, shinkafa ce da ake dafawa da romon nama da madara har ta yi laushi kamar fate. Ku mutanen shinkafa ne, za ku gane mai kyau da loma ɗaya, kuma Inna za ta ci ba wahala.

Rana ta biyu ita ce ta dutse. A Hada akwai tsohuwar hanyar raƙuma, Darbul Jammala, wadda aka shimfiɗe da duwatsu a jikin Dutsen Kara tun kafin zuwan mota. Ta nan ayari ke sauka da inabi da rumman zuwa Makka. Hawanta tun daga gindi ba na baƙo ba ne. Abin da ya dace da kai shi ne ka faro daga sama, ka gangara na minti 40, ka juyo. A nan mutane suke ruɗuwa: gangara tana da daɗi, mutum ya yi ta tafiya, ya manta cewa duk abin da ya sauka sai ya hau shi, kuma dawowar tana cin ninki biyu na lokaci, ga rana ta ɗaga. Ka sa agogo, in lokacin ya cika ka juya ko da kana jin ƙarfi. Lissafin da ake yi wa mai matsakaicin ƙarfi shi ne awa ɗaya ga kilomita 4 a shimfiɗe, a ƙara awa ɗaya ga duk mita 300 zuwa 400 na hawa. Ku fita bayan asuba, ƙarfe 10 ta same ku a sama.

Kowa ya ɗauki ruwa lita 2 zuwa 3, da dabino, da ɗan abu mai gishiri. Iskar sama busasshiya ce kuma da sanyi, gumi yana bushewa ba ka gan shi ba, sai ciwon kai ya sanar da kai. Takalmi ya zama rufaffe mai ƙasan roba mai zane, wanda ka riga ka taka na makonni, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Silifa da takalmin fata mai santsi su ne ke kai mutane asibiti. Doguwar riga tana harɗe ƙafa, ka sa 'yar shara da wando. Maiɗakinka ta sa wando mai kauri a ƙarƙashin abaya, ta zaɓi wadda ba ta jan ƙasa. Sanda ɗaya tana rage wa gwiwa nauyi a gangara. Sai hula mai baki. Kai da aka aske kwana biyu da suka wuce ba shi da kariya, kuma rana a mita 2,000 tana ƙona fata ko da kana jin sanyi. Tun kana gida ka fara shiri: wata ɗaya kana tafiyar awa guda kullum, da hawan bene ko wani tudu. Wanda ya saba hawa duwatsun Zuru ko Kwatarkwashi ya san aikin ƙafa, abin da zai zame masa sabo shi ne numfashi.

Wannan batun numfashi ba na wasa ba ne. Mai sikila, kai har mai AS, tsayin mita 2,000 da ƙarancin ruwa a jiki da aikin ƙarfi suna iya tayar masa da ciwo, musamman a saifa, gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Mai hawan jini da mai asma da mai ciwon zuciya su ga likita kafin tafiya, maganinsu ya kasance a aljihu ba a masauki ba. Duk wanda ya ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri da amai, a dakata, a saukar da shi. Lambar gaggawa a yankin Makka 911 ce. Waya tana ɗaukewa a cikin kwazazzabai, saboda haka kada ka tafi kai kaɗai, kuma a bar wa na masauki lokacin da ake sa ran dawowarku.

Za ku haɗu da gwaggon biri, garke-garke. Sun san leda, sun san abinci ne a ciki. Kada a riƙe leda a hannu, kada a ba su komai, kada a zura musu ido ko a washe musu haƙora, a rufe gilashin mota. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Inna ba za ta rasa rabonta ba. Akwai tilifirik, ƙananan ɗakuna masu tafiya a jikin waya daga Hada zuwa ƙauyen Kar da ke gindin dutsen, tana zaune za ta ga duk abin da kuka taka. In zuwanku ya dace da ƙarshen Maris zuwa Afrilu, lokacin wardi ne. Ana tsinkar furen da sassafe kafin rana ta kwashe ƙamshinsa, a zuba cikin manyan tukwanen tagulla da ruwa, a rufe, a hura wuta a hankali, tururin ya bi bututu ya huce ya ɗiga cikin kwalba. Man yana tasowa sama, ruwan wardi yana ƙasa. Da tola ake sayar da man, wajen giram 12 kenan, kuma yana da tsada. Na gaskiya yana daskarewa in ya sha sanyi, ya narke da ɗumin hannu. Wanda aka ce maka tsantsa ne amma kuɗinsa na turaren kasuwa ne, gauraye ne. Ruwan wardi a sa shi a jakar kaya, ba ta hannu ba.

Rana ta uku ku tafi Shafa, kudu maso yammacin gari. Tafiyar ƙafa a can ta fi sauƙi, tsakanin itatuwan ar'ar da gonaki masu hawa-hawa, kuma ita ce ranar da iyali ke shimfiɗa darduma a yi gashi. Tsiren da kakanninmu suka zo da shi ya zama abincin gari a Hijaz, har Larabawa suna ce masa siriya. Da gawayin saye ake yi, a inda aka keɓe, domin sare itace da hura wuta a daji laifi ne mai tara. Kada a yi shimfiɗa a cikin kwarin rafi ko da ƙasa a bushe take. Ruwan da aka yi a wani dutse da ba ku gani ba yana iya isowa cikin mintuna, da duwatsu da itace. In hadari ya haɗo ko hazo ya fara hawowa bayan azahar, a naɗe kaya. Gonakin nan na mutane ne, a yi sallama, kada a tsinki ko ɗan ɓaure sai an ba ka, kada kuma a ɗauki hoton kowa, balle mata, ba da izini ba.

Safiyar rana ta huɗu ku ba Masna, unguwar lambuna inda ake danganta zaman Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bayan mutanen garin sun jefe shi a shekara ta 10 da aiko shi, har Addas, bawan Utba da Shaiba, ya kawo masa inabi. Akwai ƙaramin masallaci mai sunan Addas, da masallacin Ku'u. Wuraren tunawa ne, ba su da wata salla ta musamman, ba a shafa bango ko ɗibar ƙasa. In da sauran lokaci ku bi ta fadar Shubra ku ga ginin farkon ƙarni na 20. A garin nan Sarki Abdul'aziz ya rasu a 1953.

Saura ibada, wadda ita ce ta kawo ku. A cikin Muwaɗɗa an ambaci tsakanin Makka da Ɗa'ifa a matsayin tazarar da Ibn Abbas yake ƙasaru, kuma tunda ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, ku matafiya ne. Wanda zai sauko da niyyar wata Umra ba zai jira Tan'im, inda mazauna Makka ke ɗaura haramin Umra, ba. Miƙatinsa Ƙarnul Manazil ne, wato Sailul Kabir a hanyar Sail, ko Wadi Muhrim in ta Hada zai bi. Wanda ya wuce da niyya bai ɗaura harami ba, ko ya koma, ko yanka ya hau kansa. A Malikiyya an karhanta maimaita Umra a shekara ɗaya, wasu malaman kuma sun halatta, don haka ka zauna da malaminka a Argungu ka gama wannan magana, har da hukuncin komawa Makka ba harami, tun kafin ka taso. In za ku ɗaura, ku yi wankan da ruwan ɗumi a masauki, domin a miƙati akwai cunkoso da sanyi. Namiji zai iya yafa bargo a kafaɗa muddin bai rufe kai ba. Ka gaya wa direba tun da dare cewa akwai tsayawa a miƙati, kuma ku bar Ɗa'ifa bayan azahar don ku shiga Makka da sauran haske.