Na gaya wa likita da rana, da dare nas ta zo da allurar

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti. Mamanmu aka kwantar a wani asibiti nan Gombe, ni ke jinyarta. Tun ranar farko na gaya wa likita jikinta ba ya karɓar penisilin, in an mata sai borin jini, fuska ta kumbura, ya ce to. Wlh wajen ƙarfe 2 na dare sai ga nas da allurar har ta zuƙa a sirinji, Allah ya sa na farka na tambaya. Ta buɗe folda ta ce ba a rubuta ba. Dan Allah laifin waye? Daga Tudun Wada, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Mama lafiya. Gsky tambayar nan da kika yi cikin magagin barci ita ta tsare ta.

Maganar ta faɗi ne tsakanin bakin likita da folda. Shi ya ji bai rubuta ba, masu aikin rana suka tashi, na dare suka karɓa, ita kuma nas abin da ke takarda shi take bi, ga gadaje fal ita kaɗai ko su biyu. Lokacin miƙa aikin nan yana bani tsoro sosai, shi ya sa ake so a yi shi a gefen gadon mara lafiya, a faɗi me ke damunsa, me aka ba shi, me jikinsa ba ya so. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mara lafiya 1 cikin 10 na cutuwa a wajen neman magani. Ko a takardar tambayoyin da ake bi wajen tiyata, wadda ta fitar a 2008, tun kafin a sa wa mutum maganin barci ana tambayar wane magani ne jikinsa ba ya karɓa.

Gobe lokacin raun, wato zagayen da likitoci ke yi suna duba marasa lafiya, ki sake faɗar maganar penisilin ɗin a gaban likita da nas tare, ki tsaya sai kin ga an rubuta ɓaro-ɓaro a bangon folda da takardar magani. Duk wanda ya zo da allura ki tambayi sunanta, da ladabi amma ban da kunya, kunyar nan tamu tana cutar mu a asibiti wlh. In ƙanwarki za ta canje ki, ki rubuta mata a takarda. Sannan ki samu matiron ɗin ɗakin ki sanar da ita abin da ya faru daren, akwai wasu iyayen kwance a gadajen kusa da Mama.