Kar ku zubar da kasa-kasan Baba tukuna, ku fara tantance su

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba ya sa Aljanna ce makomarshi, ku kuma Allah ya ba ku haƙurin rashi. Na ga tambayarka cewa kuna gyaran ɗakinshi kun ishe jaka cike da kasa-kasan bidiyo, wasu a gidan na cewa a ba 'yan jari-bola tunda ba mai kallon kaset yanzu, kai kuma zuciyarka ba ta kwanta ba. To don Allah ka dakatar da su. Ni wannan sana'ar na yi a nan Katsina, ɗaukar bidiyo a wajen biki da suna, ga kuma shagon haya, tun kasuwar na ci har ta mutu a hannunmu, don haka zan ɗan tsawaita, ka yi haƙuri ka karanta.

Shi wannan babban kaset ɗin sunanshi VHS, kamfanin JVC na Japan ya fito da shi a 1976, ya yi gasa da Betamax na Sony ya ci kasuwa. Mu nan sai a shekarun 1980 ya fara shiga gidajen masu hali, yawanci alhazai ke tahowa da bidiyon daga Saudiyya, gida ɗaya a unguwa yara su cika tsakar gida. Da finafinan Hausa suka taso, tun daga Turmin Danya na 1990, sai abin ya zama ruwan dare, mu kan shiga Kano Ƙofar Wambai mu saro kwali-kwali mu taho mu ba da haya. Daga farkon shekarun 2000 faifan sidi ya shigo da 'yan na'urorin China masu araha, ba riwainin ba cin zare, mutane suka koma can. Dibidi ya biyo baya, fim da yawa a faifai ɗaya, sai dish, sai Arewa24 a 2014, sai kuma masu tura fim a memori da suka ida kashe kowa har da faifan. A 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera bidiyon kunna kaset, ya daina ƙera ta. Wannan shi ne abin da nike so ka riƙe: duk wata bidiyo da ta rage a duniya tsohuwa ce, bel ɗinta da robobinta na bushewa ko ana amfani da ita ko ba a yi, masu gyaranta na gaske kuma sun tsufa ko sun koma gyaran waya. Kaset ɗin da aka aje da kyau yana iya ƙara jira, amma na'urar da za ta karanta shi kullum raguwa take. Shi ya sa aikin juye su zuwa kwamfuta na bana ne, kar a ce sai an natsu.

Ka zazzage jakar ka ware. Finafinan Indiya da na China da na Amurka, gaskiya ba su da wani amfani, akwai su a intanet da hoto mai kyau fiye da wanda ke cikin kaset ɗin, kuma yawancinsu kwafi ne na kwafi. Maganar da ake yaɗawa wai tsohon kaset na kawo miliyoyi, wannan wasu 'yan ƙalilan ne na Turawa da ba a taɓa ɓare ledarsu ba, ba irin namu da suka sha haya ba. Amma ka bar guda biyu ko uku daga ciki, za ka ji amfaninsu a gaba. Tsofaffin finafinan Hausa na shekarun 1990 kuma ka ɗan yi hattara, da yawansu ba a taɓa maida su faifai ba, wasu ma waɗanda suka shirya su ba su da kwafi, idan akwai mai kwalinshi na asali ka aje shi.

Inda maganar take shi ne kasa-kasan da aka rubuta ma suna da biro. Bikin wance, sunan wane, saukar Alƙur'ani, dawowar Alhaji daga Makka, naɗin sarauta, hawan Sallah, tafsirin azumi na malamin unguwa. Waɗannan ba su da na biyu a ko'ina a duniya. Lokacin da muke aiki da manyan kyamarorin Panasonic irin su M3000 da M9000 da ake saɓawa a kafaɗa, kaset ɗin da ya fito daga cikin kyamara shi muke miƙa ma mai biki, ko mu yi mashi kwafi mu goge namu mu sake ɗaukar wani bikin a kai saboda kaset kuɗi ne. Ma'ana mu masu ɗauka ba mu da komi a aje, idan naku ya tafi shi ke nan. Kuma a lokacin ba waya mai kyamara, mutum zai yi rayuwarshi duka bai shiga bidiyo ba sai a irin wannan taron. Zai yiwu a cikin jakar nan ne kaɗai muryar kakarku take, da tafiyarta da dariyarta, zai yiwu nan ne kaɗai 'ya'yanka za su ji yadda Baba ke magana yana da ƙuruciya. Wallahi na sha ganin manyan mutane suna hawaye a shagona don an kunna masu kaset sun ga wanda ya rasu yana gaisawa da jama'a a ƙofar gida.

Ban da na iyali akwai na gari. Idan ka ga hawan Sallah ko hawan Bariki na zamanin marigayi Sarki Muhammadu Kabir Usman da ya rasu a 2008, ko Sallar Gani ta Daura zamanin marigayi Sarki Muhammadu Bashar da ya rasu a 2007, ko wani taro da Shata ya yi wasa kafin rasuwarshi a 1999, to wannan tarihi ne na jama'a duka. Ko kaset ɗin rakiyar amarya ne da aka bi ta Ƙofar Soro ko Ƙofar Ƙaura, ka duba bayan mutanen, za ka ga yadda garin yake kafin a faɗaɗa tituna, irin motocin, irin ɗinkin, gidajen ƙasa da yanzu sun zama shaguna. Jihar ma a 1987 aka ƙirƙire ta, ka ga kenan shekarunta na farko duk a bisa irin wannan kaset ɗin aka ɗauke su. Idan kun samu irin haka bayan kun juye, ku yi tunanin kai kwafi gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina ko Arewa House a Kaduna, ko ku ba ɗaliban tarihi na jami'a.

Yanzu kafin ka kunna komi. Ka ɗauki kowane kaset ka leƙa ta 'yar tagar nan mai haske, idan ka ga fari-fari bisa naɗin zaren kamar an barbaɗa gari, hunhuna ce, ka ware shi daban kar ka sa shi a na'ura, zai toshe hed, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zaren, kuma ya shafa ma duk kaset ɗin da ya biyo baya. Kar a wanke kar a shanya a rana, sai mai gyara ya kwance ya goge a hankali. Mu nan Allah ya taimake mu iskarmu busassa ce mafi yawan shekara, hunhuna ba ta cinmu kamar Legas ko Fatakwal, abin da ke kashe namu zafi ne da ƙura. Zaren roba ce siririya da aka shafa ma garin maganaɗisu, a kaset mai awa uku wanda aka rubuta ma E-180 tsawonshi ya wuce mita 250, idan ya sha zafin bazara a ƙarƙashin kwano ko a but ɗin mota sai ya lanƙwashe ko ya manne da juna. Sannan ka duba gefen da ake liƙa takardar suna, akwai wani ɗan harshe na roba a kusurwa, ka karya shi, da zarar an karya na'ura ba za ta yarda a yi rikodin a kai ba. Idan ka ishe an toshe ramin da salatif ka ɓare. Bukukuwa da yawa sun tafi a haka, yaro ya ɗauki kaset ya naɗi ƙwallo a kai.

Idan ka samu bidiyo, ko aro ko ta hannu, nan ne finafinan Indiyan da na ce ka bari za su yi aiki, da su za ka gwada ta. Ka sa, ka kunna, ka yi gaba ka yi baya, ka fiddo ka duba ko ta tauna zaren. Na'urar da ta daɗe a aje sau da yawa kaset ɗin farko da aka ba ta sai ta cinye shi, to gara ta ci wanda ba a so. In ta wuce gwaji sai ka sa na gaske, ka tura shi har ƙarshe ka dawo da shi farko kafin ka kalla don zaren ya saki jiki. Idan hoto na rawa ko layi na ratsawa ka taɓa tirakin, wato maɓallin daidaita hoto, idan duk allon ya zama yayyafi amma ana jin murya to hed ne ya yi datti, mai gyara ya goge da sipirit, kar ka sa auduga da kanka don hed ɗin siriri ne ƙwarai, yana karyewa. Wani abu kuma da ya shafe mu mutanen bakin iyaka, kaset ɗin da 'yan'uwa suka aiko daga Maraɗi ko Damagaram yana iya fitowa baƙi da fari, ba lalacewa ya yi ba, su tsarin talabijin na SECAM suke bi irin na Faransa mu kuma PAL, na Amurka kuma NTSC ne, sai a nemi na'ura mai karanta duka. Haka wanda aka ɗauka a LP, wato zaren na tafiya a hankali don ya ci awa shida, idan na'urar ba ta da LP za ka ji muryoyi na gudu. Ko zare ya tsinke ana haɗawa, ko gidan ya fashe ana kwance sukurori a maida zaren cikin wani gidan, don haka kar ka yanke hukunci da ido.

Juyewa ba wani abu ne mai wahala ba. Akwai 'yar na'ura da ake soka ma kwamfuta ta USB, wayoyi uku ne daga bayan bidiyo, rawaya na hoto, fari da ja na sauti. Sai dai ba ta da gajeriyar hanya, kaset mai awa uku sai ya yi awa ukun nan yana tafiya, shi ya sa in mai aiki ya faɗi kuɗinshi kar ka ga kamar ya tsawwala. Ka ce a ba ka shi a MP4 da girmanshi, kar a matse. Kar ka yarda a ce za a sa maka a faifai kaɗai. Waɗanda suka maida nasu sidi a shekarun 2000 suka zubar da kaset su ne suka fi kowa asara yau, hoton sidi bai kai ba tun farko, faifan kuma ya karce ko bayanshi ya ɓare, wasu ko buɗewa ba su yi, alhali kaset ɗin da aka bari a kabad har yanzu yana tashi. Ka aje a wuri biyu ko uku, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi mai kyau a wani gidan daban, ɗaya a Google Drive tunda suna ba da 15GB kyauta. Turawa ta WhatsApp ba ajiya ba ce, matse hoton yake, kuma waya ɓata take. Kaset ɗin na asali kuma a ci gaba da riƙonshi, cikin kwalinshi, a tsaye, a ɗaki mai sanyi sama da ƙasa, nesa da sifika da sitabilaiza.

Akwai maganar amana da ba zan tsallake ba. Kaset ɗin biki yawanci akwai kamu da wunin mata a ciki, iyayenmu ne da yayyenmu suna cikin sha'aninsu, lokacin sun yarda a ɗauka ne don sun san a falo za a kalla cikin dangi. Da yawansu yanzu matan aure ne masu jikoki, wasu sun rasu. Kar ka kai ma wanda ba ka yarda da shi ba ka tafi ka bar mashi, gobe ka ga an yanko an sa a TikTok ana dariyar kwalliyar da. Ka zauna a gabanka a yi, a goge daga kwamfutarshi kana gani, ko ka sayi 'yar na'urar ku yi a gida. Kuma kayan nan na magada ne duka, ka yi shawara da Hajiya da sauran 'yan'uwa, kowa a ba shi kwafi, abin da wata ta ce ba ta so a yaɗa a bar mata.

Idan an gama ku samu rana ku kalla da Hajiya ko wata gwaggo, kana riƙe da biro, su riƙa faɗa maka wane ne wannan, gidan wa ne, wace shekara ce, ka rubuta ka sa a sunan fayil ɗin, don mu masu ɗauka ba kullum muke saita kwanan watan da ke fitowa a kusurwar hoton daidai ba. Sannan ka sake lalube jakar da aljihunan akwatin Baba ko akwai ƙananan kasa-kasai. In an rubuta VHS-C akwai gidan da ake saka shi ya shiga babbar bidiyo, amma Video8 da Hi8 da MiniDV sai da irin kyamararsu, kar wani ya ce zai tura su da ƙarfi. Ka ɗauki hoton waɗanda kake shakka ta wajen tagar ka turo in duba maka kafin ka sa su a na'ura.