Daga Bronx zuwa Houston ko Columbus: amsa ga ɗan Mabera

Wani ɗanmu ɗan unguwar Mabera ta Sakkwato da ke zaune a Amurka ya aiko da wannan tambaya:

"Salamu alaikum, Baba Alhaji. Ina zaune a unguwar Bronx ta New York da mai ɗakina da yara uku. Ni ina tuƙin Uber, ita kuma tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Kuɗin haya ya kai mana iya wuya, har abin da nake aika wa Inna duk wata da ƙyar yake fita. Abokina na Houston ya matsa mini in koma can, ya ce a Texas ba a biyan haraji, gida kuma da arha. Ita mai ɗakina ta fi son Columbus ta jihar Ohio, inda yayarta take aure. Katina na zama, girin kad, saura wata biyar ya cika shekara biyar. Ina ya kamata mu dosa?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya raya zuri'a, ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana.

Zan fara da maganar da ka bari a ƙarshe, don ita ta fi sauran nauyi. Mai girin kad yana da ikon neman zama ɗan ƙasa idan ya cika shekara 5, kuma doka ta ba shi damar shigar da fom ɗin, wato N-400, kwana 90 kafin cikar lokacin. Ka ga kai nan da wata biyu ƙofa za ta buɗe maka. Amma akwai sharaɗin da mutane da yawa ba su lura da shi: ana son mutum ya yi wata uku yana zaune a jihar ko yankin ofishin da zai nema. Saboda haka hanya biyu ce a gabanka. Ko ka tashi yanzu, ka cika wata ukun a sabon wuri sannan ka nema, ko ka nema a New York ka daure har ranar rantsuwa. Abin da ba na so ka yi shi ne ka shigar da takarda sannan ka kwashe kaya ana tsakiyar aiki. Idan ka yi haka sai an ɗauke fayil ɗinka daga wannan ofishi zuwa wancan, ka shiga sabon layi, takardar kiran ganawa kuma tana iya zuwa tsohon gidanka ba ka nan. Tun da ba ka da aiki a hannu a ko ɗaya cikin garuruwan biyu, ni dai na fi son ka ƙarasa a New York. Ka tuna ba kai kaɗai ne za ka amfana ba. Idan cikin yaran akwai wanda aka haifa a gida, yana da girin kad, bai kai shekara 18 ba kuma yana hannunka, ranar da ka zama ɗan ƙasa shi ma ya zama.

Ba ka gaya mini matsayin takardun mai ɗakinka ba. Idan akwai wata magana tata da ba a gama ba, musamman a kotun shige da fice, kada ku motsa sai kun zauna da lauya. Kotun kwana biyar na aiki kawai take bayarwa a sanar da ita sauyin adireshi, wanda kuma ya rasa zaman kotu ana iya yanke masa hukunci ba ya nan.

Yanzu maganar haraji. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma bai ƙarasa zancen ba. Gaskiya ne Texas ba ta karɓar harajin albashi na jiha, alhali a New York jiha tana karɓa, birni ma yana karɓar nasa. Sai dai harajin gwamnatin tarayya yana bin mutum duk inda ya je, kuma shi ne babba, musamman ga direba irinka da ake lissafawa a matsayin mai aikin kansa. Texas kuwa tana fanshe nata ta harajin gidaje mai nauyi, wanda mai gida yake zubawa cikin kuɗin haya, da harajin saye da sayarwa, kashi 8.25 cikin ɗari a Houston. A Ohio akwai harajin jiha, birnin Columbus kuma yana cire kashi 2.5 cikin ɗari. To amma magidanci mai yara uku da matsakaicin samu, ba harajin jiha ne yake karya shi ba. Abin da za ka duba shi ne nawa zai rage a hannunka ranar ƙarshen wata.

A nan ne nake son ka zauna da biro da takarda, kai da ita. Hayar gida a Houston da Columbus ta fi ta Bronx sauƙi nesa ba kusa ba, wannan babu musu. Amma samu ma yana sauka. Lasin ɗinka na TLC, wato hukumar kula da tasi, a birnin New York kaɗai yake aiki, kuma shi ne ya sa tuƙinka yake da daraja, don ba kowa ke iya samunsa ba, sannan tun 2019 birnin ya yanka wa kamfanoni irin su Uber mafi ƙarancin abin da za su biya direba. A Houston babu wannan kariyar. Kusan duk mai mota mai kyau da lasin tuƙi zai iya shiga harkar, garin kuma faɗi gare shi, mai da taya suna cin riba. Ita ma mai ɗakinka haka. Mafi ƙarancin albashi a birnin New York dala 16.50 ne a awa a 2025, na masu kula da tsofaffi a gida ma ya ɗara haka. A Ohio dala 10.70 ne a shekarar, Texas kuwa tana kan na tarayya, dala 7.25, wanda ba a taɓa ba tun 2009. Ba na cewa haka za a biya ta, kamfanoni da yawa suna biyan fiye da hakan, amma ta tambayi masu irin aikinta a can nawa suke karɓa a awa. Takardar shaidar aikin nata ma ta jiha ce, sai ta bincika ko sabuwar jihar za ta karɓa ko sai ta sake kwas.

Sai mota. A Bronx tana shiga jirgin ƙasa ko bas ta je aiki, yara su taka zuwa makaranta. A Houston ko Columbus gidan da miji da mata suke aiki mota biyu yake bukata, inshora biyu, kuma dole ta iya tuƙi. Idan ba ta da lasi, ta fara koyo tun yanzu. Na ga matanmu da dama da aka kai irin waɗannan garuruwa suka zama kamar an kulle su, ko madara ce ta ƙare sai sun jira miji ya dawo, daga nan kuma ɓacin rai yake farawa a gida.

Kada ka manta da asibiti. New York tana cikin jihohin da suka fi sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi inshorar lafiya. Ohio ta faɗaɗa shirin Medicaid, wato inshorar lafiyar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, a 2014. Texas ba ta faɗaɗa ba, saboda haka yara suna iya samun tallafi amma kai da ita da wuya, sai dai ku saya ko wurin aiki ya ba ku. Idan akwai mai hawan jini ko ciwon suga a cikinku, wannan kaɗai yana iya cinye abin da kuka rage a haya.

Zancen mutane kuwa, a nan nake ganin mai ɗakinka ta fi ka hangen nesa. Da ɗan gari akan ci gari. Houston cike take da 'yan Najeriya, musamman wajen unguwar Alief, akwai kasuwannin kayan abincin gida da masallatai da yawa, akwai kuma babbar cibiyar asibitoci ta Texas Medical Center mai ɗaukar ma'aikata masu yawa. Amma akasarin 'yan Najeriyar can 'yan kudu ne. Namu Hausawa suna nan, sai dai a warwatse, ba kamar Bronx ba inda za ka fita sallar magariba ka ji Hausa a bakin mutanen Gana da Nijar. Columbus ita ce ta biyu a yawan Somaliyawa a Amurka bayan Minneapolis, don haka naman halal da masallaci da makarantar Islamiyya ba abin wahala ba ne, ga ayyukan manyan ɗakunan ajiye kaya da masana'antu. Abin da ya fi duk wannan, akwai yayarta. Wadda za ta riƙe yara ranar da aiki ya haɗe muku, wadda za ta zauna da ita idan ta haihu, ba a sayen ta da dala. Shi abokin naka, ka tambayi kanka tsakani da Allah: yana da iyali? Zai iya saukar da mutum biyar wata guda? Ya ce zai haɗa ka da mai ba da aiki, ko dai ya ce "akwai aiki" kawai? Kuma duk garin da ka zaɓa, ka tambayi limamin wurin ko jama'a suna da maƙabartar Musulmi da asusun jana'iza. Ba fata nake yi ba, amma magidanci ba ya sauka inda bai san wannan ba.

Ka sani kuma ba jiha za ka zauna ba, ba ma gari ba, unguwa za ka zauna. A Amurka adireshinka ne yake zaɓa wa ɗanka makarantar gwamnati, titi ɗaya yana iya raba makaranta mai kyau da wadda ba za ka so ba. Kafin ka sa hannu a takardar haya ka nemi sunan makarantar da gidan yake ƙarƙashinta. A Houston ka ƙara da tambayar ko ruwa yana shiga unguwar, don guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da gidaje masu ɗimbin yawa. Kada ka ce kai ɗan Sakkwato ne zafi ba ya ba ka tsoro. Namu busasshe ne, nasu mai gumi ne, na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa wata da watanni, kuɗin wuta yana hawa. Sanyin Columbus kuwa kusan irin wanda ka saba ne. Yaran kuma za su rasa wani abu guda: makarantun gwamnati na birnin New York suna ba da hutun Sallah ƙarama da babba, ba ko'ina ake yin haka ba.

Ta wajen gida, New York tana da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya, akwai wani a Atlanta, babban ofishin kuma yana Washington. Daga Columbus zuwa Washington kamar awa bakwai ne a mota, daga Houston zuwa Atlanta kusan 12. Ku duba fasfo ɗin kowa, wanda ya kusa ƙarewa a sabunta shi kafin ku tashi. Jirgin United da yake tashi kai tsaye daga Houston zuwa Legas ya daina tun 2016, amma ana samun na Turkiyya da na Katar da ke sauke mutum a Abuja, daga nan ka kamo na Sakkwato. Daga Columbus sai ka fara shiga wani jirgin zuwa babban gari. Wannan bambanci bai kai ya sauya maka shawara ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, ka san al'adarmu, ba a jiran na nesa idan ta Allah ta kasance. Idan ƙaurar nan ta rage maka wani abu, ka ware kuɗin tikiti ka zo ka ga Inna, ka kawo mata jikokinta tana da ƙarfin ɗaukarsu.

Idan ra'ayina kake so, ga shi. Ka shigar da N-400 a New York, ka yi amfani da watannin jira ka tara kuɗin da zai riƙe ku wata uku ba tare da samu ba. A cikin lokacin ka je Columbus kai kaɗai na 'yan kwanaki, ka zaga unguwanni da safe da dare, ka yi sallar Juma'a, ka zauna da mijin yayarta ku yi maganar aiki ƙeƙe-da-ƙeƙe. Ka leƙa Houston ma idan da hali, gani ya kori ji. Ni Columbus na fi karkata, sai fa idan Houston ta ba ka takardar ɗaukar aiki mai inshorar lafiya, a rubuce. Masu gidajen haya da yawa suna son ganin samun da ya ninka hayar sau uku, don haka aikin ne zai fara zuwa kafin gidan. Ku tashi a dogon hutu, kuna sane da cewa makarantun Texas da Ohio suna komawa tun watan Agusta, ba Satumba ba kamar New York.

Kuɗin Inna na wata uku ka aiko wa ƙaninka ko wanda ka amince da shi tun kafin ku ɗaure kaya, don watannin farko na ƙaura ba su da tabbas, bai kamata ita ta ji a jikinta ba. Ka kuma gaya mata da bakinka, ta sa albarka.

Idan kun sauka, duk wanda bai zama ɗan ƙasa ba a gidan dole ya sanar da hukumar shige da fice ta USCIS sabon adireshi cikin kwana 10, da fom AR-11 ko ta intanet, kowa da nasa. Sanar da gidan waya bai wadatar ba, don ba su suke gaya wa hukumar ba. Ohio tana ba da kwana 30 a sauya lasin tuƙi da rajistar mota. Texas tana ba da kwana 90 na lasi, 30 na mota. Inshorar lafiya ta kasuwar gwamnati kuma kwana 60 ake bayarwa bayan ƙaura a yi rajista. Idan ka samu bayanin takardun mai ɗakinka, ka sake rubuto mini mu duba nata.