Jami'a bayan yaƙi: da gini ake farawa ko da malamai?

Tambaya: Malam, idan yaƙi ya lafa a ƙasa, jami'o'inta sun zama kufai, ta ina ake fara gyara? Ni a ganina gara a zuba kuɗin a firamare tukuna, jami'a ta jira.

Amsa: Ɗan'uwa, ba kai kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Masu ba da agaji sun daɗe a kansa, kuma suna da hujja. Sai dai malamin da zai shiga ajin, wa zai horar da shi? A Laberiya an yi yaƙi daga 1989 zuwa 2003. Shekara goma bayan haka, a 2013, ɗalibai kusan 25,000 suka zauna jarrabawar shiga Jami'ar Laberiya, ko ɗaya bai ci ba. Laifin sakandare ne, na yarda, amma ai malaman sakandaren daga manyan makarantu suke fitowa.

Gini kuwa, duk da shi ne ke cin kuɗi kuma shi ake ɗauka a hoto, shi ne mai sauƙi. An ƙona babban ɗakin karatu na Jami'ar Mosul a Iraƙi lokacin da ISIS ke riƙe da birnin, tsakanin 2014 da 2017, kuma an sake buɗe shi a 2022. Cikin shekara biyar ke nan. Farfesa ba ya samuwa a shekara biyar. Daga digirin farko zuwa na uku mutum kan share shekara goma ko fiye, kafin ma ya goge da koyarwa. Wanda ya tsere kuma ya samu aiki a waje, 'ya'yansa sun shiga makaranta a can, ba zai tattaro iyalinsa ya dawo don an yi wa bango fenti ba. Albashi yake tambaya, da ko za a bar shi ya faɗi abin da ya sani a aji ba tare da an biyo shi gida ba.

Akwai kuma abin da ba a cika kulawa da shi ba: takardu. Ka ɗauka ɗaliba ce ta yi shekara huɗu tana karatun likita, ta dawo ta tarar ofishin rajista ya zama toka. Abin da ke hannunta katin shaida ne da ya koɗe, sai littafin darasi guda. A wane aji za a sa ta? In an ce a yarda da maganar kowa, masu takardun bogi sun samu ƙofa. In an ce kowa ya koma farko, an zalunce ta.

Mafi wuya shi ne zaman aji ɗaya. Jami'ar Ƙasa ta Ruwanda da ke Butare ta sake buɗewa a 1995, shekara guda bayan kisan ƙare-dangi. An kashe wasu malamanta, wasu sun gudu, wasu da hannunsu a cikin ta'asar. Maraya da ɗan wanda ake tuhuma suka zauna benci ɗaya. Ga matsalar harshe: 'yan gudun hijirar da suka dawo daga Yuganda Turanci suka iya, na gida kuma Faransanci. A birnin Mostar na Bosniya, bayan yaƙin ƙasar, ba a iya haɗuwar ba, har yau jami'a biyu ce a gari ɗaya, ta Kuroshiyawa a yamma, ta Musulmin Bosniya a gabas. A ganina wannan asara ce da ta fi ta rushewar gini.

Batun jira kuma, Somaliya ta gwada ba da son ranta ba. Jami'ar ƙasar ta rufe da rushewar gwamnati a 1991, ba ta dawo ba sai 2014, kafin nan jami'o'i masu zaman kansu sun cika gari ba mai duba ingancinsu.

Da ni za a tambaya, aikin shekarar farko shi ne a ƙirga malaman da ke raye da inda suke, a fara biyan su, a kafa kwamitin da zai sake haɗa sakamakon ɗalibai daga kwafin da ke hannun malamai da shugabannin sassa. Darasi kuwa a fara shi ko a ajin sakandare na aro ne, da yamma bayan yara sun tashi.