Glock 21 ko Glock 30? Amsa ga direban tirela a Houston

Wani ɗan'uwa ya aiko da wannan tambaya daga jihar Texas ta Amurka:

"Assalamu alaikum Malam. Ni direban tirela ne a Houston, ina da girin kad, ina da mata da yara biyu. Ina yawan kwana a tashoshin manyan motoci, wani lokacin hankalina ba ya kwanciya. Ina son ƙaramar bindiga mai jikin roba, mai babban harsashi, wadda zan riƙa ɗauka a jiki, ta kuma tsare min gida. Na rasa wadda zan zaɓa tsakanin Glock 21 da Glock 30, wani abokina kuma ya ce Glock 20 ta fi. Ƙanina da ya zo karatu yana zaune tare da mu. Yayana a gida ma ya ce in samo masa guda saboda 'yan bindiga."

Wa alaikumus salam. Malam, bari mu fara da takardunka, don su ne za su fi shan wahala idan aka yi kuskure.

Dokar tarayyar Amurka ta yarda mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, ya sayi bindiga. A kanti za a ba ka fom mai lamba 4473, a tambayi ƙasarka da lambar katin zamanka, a binciki sunanka. Cika shi da gaskiya. Wanda ya rubuta cewa shi ɗan ƙasa ne alhali ba haka ba, ya toshe wa kansa hanyar zama ɗan ƙasa, kuma ya jawo wa kansa kora. Akwai tambaya a kan tabar wiwi, wadda har yanzu haramtacciya ce a dokar tarayya ko da wata jiha ta halatta ta. Akwai kuma tambaya a kan dukan iyali: tun 1996, duk wanda kotu ta taɓa samu da wannan laifin, ko ƙaramin hukunci aka yi masa, ba shi ba riƙe bindiga.

Ga inda kai da abokinka kuka bambanta, in dai shi ɗan ƙasa ne. Idan aka same shi da laifin ɗaukar bindiga ba bisa ƙa'ida ba, zai biya tara ko ya yi zaman kaso, ya koma gidansa. Kai kuwa, dokar shige da fice ta sa laifin bindiga cikin abubuwan da ake korar mai girin kad a kansu, ba ruwanta da shekarun da ka yi ko yaran da ka haifa a nan.

Sai ƙaninka. Mai bizar karatu ko ta ziyara, doka ta hana shi riƙe bindiga da harsashi, sai a 'yan wasu yanayi, kamar wanda ke da lasisin farauta. Wanda bizarsa ta ƙare kuwa babu wata kafa. Hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 15. Kuma ba sai an gan ta a hannunsa ba. In tana cikin durowar da yake buɗewa kullum, ana iya cewa tana ƙarƙashin ikonsa. Don haka akwatin ƙarfe mai makulli ya riga bindigar shiga gidan, kuma lambar buɗe shi ta tsaya tsakaninka da uwargida. Ga yara ma a gidan. Kada ka ɗauke shi zuwa filin koyon harbi don nishaɗi kafin lauyan shige da fice ya duba matsayinsa.

To, ga bindigogin. Glock 21 da Glock 30 harsashi ɗaya suke ci, wato .45 ACP. Ta 21 babba ce, gidan harsashinta na ɗaukar 13, kuma idan aka cika ta nauyinta ya ɗan haura kilo ɗaya. Wannan nauyin ne ke shanye dukan da take yi wa hannu, shi ya sa ta fi daɗin harbi kuma ta fi dacewa da ajiya a gida. Ta 30 gajeriya ce, tana ɗaukar 10, amma kaurinta bai ragu ba. Ka zauna a kujerar tirela awa goma da ita a ƙugu, bel ɗin kujera na danne ta, sai ka ji kamar bulo ka soke. Masu neman siririya suna komawa Glock 36 mai ɗaukar 6, ko M&P Shield ta kamfanin Smith & Wesson mai cin .45. Sai dai duk yadda bindiga ta ƙara sauƙin ɗauka, haka take ƙara fizgar hannu, harbi na biyu ya yi wuyar saitawa.

Glock 20 da abokinka ke yabo, mai harsashin milimita 10 ce, tana ɗaukar 15. Masu yawo a dajin Alaska suna son ta saboda manyan namun daji. A gidan haya mai bangon katako, yara na barci a ɗakin kusa, ban ga amfanin wannan ƙarfin ba. Hukumar FBI kanta ta rungumi milimita 10 bayan musayar wutar da jami'anta suka yi da 'yan fashi a birnin Miami a 1986, jami'ai da dama suka kasa sarrafa ta, aka sauko zuwa harsashin .40, daga baya aka dawo milimita 9. In da ni ne kai, da Glock 19 zan gwada tukuna: tana ɗaukar 15, harsashinta ya fi araha, kuma wanda harsashinsa ke da araha shi ke yawan zuwa atisaye. In kuma ranka ya kafe a kan .45, ɗauki ta 30, tunda guda ɗaya kake so ta yi maka aiki biyu. Filayen harbi da yawa suna ba da hayar bindiga. Ka harba kowacce kafin ka fitar da kuɗinka. Ka sayi kube mai tauri wanda ke rufe kunamar gaba ɗaya. Kaftanin Juma'a yana ɓoye ta sarai, amma 'yar riga a zafin Houston ba ta ɓoye komai, musamman in ka sunkuya ruku'u. Masallaci kuma yana da ikon hana shiga da makami, tambayi kwamitinsa.

Aikinka shi ne babbar matsala. Tun 1 ga Satumba 2021 Texas ta yarda a ɗauki bindiga ba tare da lasisi ba, amma wannan dokar a iyakar jihar take tsayawa, tirelarka kuwa ba ta tsayawa. Ka nemi lasisin Texas duk da haka, don jihohi da yawa suna karɓarsa. New York da New Jersey da Kalifoniya ba sa karɓa, kuma sun ƙayyade gidan harsashi kada ya wuce 10, wanda ke nufin na Glock 21 kaɗai ya isa ya jefa ka cikin shari'a. Akwai dokar tarayya ta 1986 da ke kare mai wucewa idan bindigar babu harsashi a ciki kuma tana kulle, amma wanda ya je sauke kaya a jihar ba mai wucewa ba ne. Kamfanonin sufuri da yawa sun hana makami a motocinsu, haka tashoshin jiragen ruwa da sansanonin soja da ake kai kaya. Karanta yarjejeniyar aikinka kafin ka je kanti. In ranakun hutu kana yin Uber, su ma sun hana direbobinsu.

Game da Yaya, amsar ita ce a'a, kuma ka faɗa masa da ladabi amma ƙarara. Na san halin da ake ciki a ƙauyukan Zamfara da Katsina, kuma na san nauyin a ce babban wa ya roƙe ka abu ka kasa. Amma sayen bindiga da sunanka don wani laifi ne a nan, fitar da ita ba lasisin gwamnati wani laifin ne daban, ko a cikin motar da ake aikawa ta kwantena ko a ƙasan akwati. A Najeriya kuma ƙaramar bindiga tana cikin makaman da aka haramta wa farar hula sai da izinin shugaban ƙasa. Garin neman gira sai a rasa ido: shi a kama shi a can, kai a ɗaure ka a nan sannan a koro ka, kuɗin da kake turawa kowane wata su yanke. In kana da abin da ka ware, tura masa ya kama haya a cikin gari ya kwashe iyali, ko ya ƙarfafa ƙofa da katanga, ya sa fitilun sola.