Ga mai tambaya kan saita rautoci da Python: ka fara da karanta su kafin ka taɓa su

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce kana kula da rautocin MikroTik wajen talatin da wasu suwic na Cisco na hannu, a warwatse tsakanin Marwa, Mokolo, Mora da Yagwa a arewacin Kamaru, kuma ka gaji da shiga Winbox, manhajar saita MikroTik, ɗaya bayan ɗaya duk ranar da za a canza DNS ko kalmar sirri. Kana so a zaɓa maka tsakanin Netmiko, NAPALM da Ansible, kayan aikin da ke saita na'urori da yawa ba sai an shiga kowacce da hannu ba. Irin wannan aiki nake ci da shi a nan Garwa shekaru da dama, don haka zan faɗa maka abin da na gani, ko da amsar za ta yi tsawo.

Ka fara da Netmiko. Dalilina shi ne umarnin da ka riga ka iya bugawa da hannunka, su ɗin dai za ka ba shi. Kirk Byers ne ya rubuta shi a kan Paramiko, wanda ke riƙe da ɓangaren SSH, wato amintacciyar hanyar shiga na'ura daga nesa. Ka ba ConnectHandler adireshin na'ura, sunan mai shiga, kalmar sirri da nau'in na'urar, wato mikrotik_routeros ko cisco_ios, shi ke nan ya shiga. Da send_command kake tambaya, da send_config_set kake canji. Cikin yini ɗaya za ka ga amfaninsa.

NAPALM abu ne mai kyau ƙwarai, musamman compare_config ɗinsa da ke nuna maka bambancin saitin da ke kan na'ura da wanda kake shirin ɗora mata tun kafin ka amince. Sai dai asalin na'urorin da ya zo da su na Cisco ne da Juniper da Arista. MikroTik ba ta ciki, sai ta wani ƙari da masu sa kai suka rubuta, wanda ya fi ƙarfi wajen karanta bayani. Tunda yawancin kayanka MikroTik ne, ka ajiye shi tukuna. Ansible kuwa babban kayan aiki ne mai tsarinsa, ka bari sai ka san abin da ke faruwa a ƙarƙashi, don ranar da ya tsaya ka san inda za ka duba.

Amma gaskiya zaɓin laburare shi ne ƙaramin ɓangaren maganar. Abin da nake so ka ɗauka da muhimmanci shi ne kada sikirif ɗinka na farko, wato ɗan shirin Python da za ka rubuta, ya canza komai. Ya shiga kowace rauta, ya buga /export, umarnin da ke fito da saitinta a rubuce, ya ajiye abin da ya fito a fayil mai sunan rautar. A Cisco kuma show running-config. Ka zuba fayilolin a git, manhajar da ke riƙe tarihin canjin fayiloli, ka sa aikin ya riƙa gudana kowane dare har tsawon wata guda. A wannan watan za ka san rezonka, wato hanyar sadarwarka, fiye da yadda ka san shi a shekara. Za ka ga rautar da wani ya buɗe wa Telnet, tsohuwar hanyar shiga marar tsaro, ya manta, da wadda DNS ɗinta ya bambanta da na sauran, da wadda ake taɓawa da rana ba a gaya maka ba.

Akwai ƙananan abubuwa a nan da ke ɓata wa mutum rai in bai sani ba. Layin farko na /export yana ɗauke da kwanan wata da lokaci, saboda haka git zai riƙa ce maka fayil ya canza kullum alhali babu abin da ya canza. Ka sa sikirif ya yanke wannan layin kafin ya ajiye. Sannan a RouterOS 7 umarnin yana ɓoye kalmomin sirri na Wi-Fi da PPP sai ka ƙara show-sensitive, a 6 kuwa yana fito da su kai tsaye. Ko a wanne ne, ba ya fito da kalmomin sirrin masu shiga rautar kanta, ba ya fito da takardun shaida, wato certificates. Waɗannan suna cikin fayil ɗin /system backup, wanda shi kuma an yi shi ne don a mayar wa na'urar da aka ɗauke shi a kanta, har adireshin MAC yana ciki. Ka riƙa ajiye duka biyun, kuma ka riƙa kwashe na biyun daga kan rautar, domin irin su hAP lite ma'ajiyarsu megabait 16 ce kacal.

Yanzu ga abin da ya bambanta mu da masu koyar da wannan aiki a bidiyo. Su na'urorinsu suna ɗaki ɗaya da su, a kan waya mai sauri da wutar da ba ta ɗaukewa. Mu kuwa rautar Mokolo tana bayan eriya biyu ko uku a kan dutse, kuma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 ruwan madatsar Lagdo mai ba da lantarki ya ja baya, kowa ya san yadda wuta ke yi a arewa. Netmiko ɗan aike ne, yana kai saƙo ya tsaya a bakin ƙofa har a sallame shi, bai san abin da ke cikin saƙon ba. Yana tura umarni ne ya jira ya ga alamar da na'ura ke nunawa in ta gama, # a Cisco ko > a MikroTik. A Netmiko 4, send_command daƙiƙa 10 yake jira in ba ka ce komai ba. Export na rauta mai dogon jerin masu hotspot, a kan layin da ke zubar da fakiti, yana iya wuce haka, sai ka ga ReadTimeout alhali rautar lafiyarta ƙalau. Ka ɗaga read_timeout zuwa 60 ko 90 ga na nesa. Kuma ka kunna session_log tun ranar farko. Fayil ne da ke rubuta duk abin da ya wuce tsakaninsa da na'urar, harafi bayan harafi. Duk lokacin da wani ya kawo mini sikirif ya ce ya ƙi aiki, wannan fayil nake fara buɗewa, kuma galibi a nan amsar take: ko dai na'urar ta yi tambayar e ko a'a tana jiran amsa, ko kuma an sa alamar # a cikin saƙon maraba.

Haka kuma kada rautar da ba ta amsa ba ta tsayar da sauran. Ka kama NetmikoTimeoutException daban, NetmikoAuthenticationException daban. Na farko a wurinmu sau da yawa ma'anarsa babu wuta a unguwar ko batirin sola ya sauka da asuba, sai a rubuta sunanta a sake gwadawa an jima. Na biyu ma'anarsa wani ya canza kalmar sirri, wannan kuwa maganar kiran waya ce.

In ka zo canji, nan ne nake so ka yi a hankali sosai, domin hanyar da kake bi ka shiga rautar ita ce kake taɓawa. Cisco da MikroTik ba halinsu ɗaya ba a nan, kuma wannan bambancin ya sha sa mutane hawa mota. A Cisco canji yana zama a running-config har sai ka adana. Na taɓa ganin suwic 2960 a wani reshe da ke wajen gari ya ɓace daga rezo saboda an tura masa switchport trunk allowed vlan 30 ba tare da kalmar add ba. Umarnin ya share duk jerin VLAN ɗin, wato sassan da aka raba rezo, da ke bi ta wannan ƙofa ya bar 30 kaɗai, har da na gudanarwa ya tafi. Abin da ya cece su shi ne ba a kai ga adanawa ba. Aka kira mai gadi, ya cire wayar wuta ya mayar, suwic ya tashi da tsohon saitinsa. A MikroTik wannan dabara ba ta aiki. Duk abin da ka buga ya zauna nan take, ko an cire wuta sau goma a haka za ta tashi. Dokar tsaro ɗaya ta drop, mai toshe shiga, in ta hau saman jerin input, sai dai mutum ya je da kwamfuta ya shiga ta MAC. Kai ka fi ni sanin abin da zuwa Yagwa yake nufi da damina.

Saboda haka kowane canji sai ya tafi da hanyar dawowarsa. A Cisco, sikirif ya fara da reload in 10, ya yi canjin, ya rufe haɗin, ya buɗe sabon haɗi daga farko. In sabon ya shiga, sai reload cancel sannan a adana. In bai shiga ba, kada a yi komai, bayan minti goma suwic zai tashi da kansa a kan tsohon saiti. Na nanata sabon haɗi domin tsohon yana iya ci gaba da aiki alhali an riga an rufe ƙofa ga masu zuwa.

A MikroTik akwai Safe Mode, wanda ke warware canje-canjenka in haɗin ya yanke, kuma da hannu yana da kyau ƙwarai. Ta cikin sikirif kuwa yana canza alamar da Netmiko ke jira, ga shi yana da iyakar adadin canjin da yake iya tunawa. Ni abin da nake yi shi ne: a fara da /system backup save, sannan a ƙara aiki a /system scheduler da zai mayar da wannan fayil bayan minti goma, sannan a yi canjin, a gwada sabon haɗi, in ya yi a goge aikin. Ka lura da jerin. Dole ajiyar ta riga aikin scheduler, domin in rautar ta koma kan tsohon saiti ta tashi babu wannan aikin a cikinta, in ba haka ba za ta yi ta sake tashi kowane minti goma.

Wani abu kuma, send_config_set ba ya damuwa ko na'urar ta karɓi umarnin. Cisco na iya cewa % Invalid input a layi na uku, shi ya ci gaba da tura na huɗu har ƙarshe ya dawo maka lafiya lau. Akwai error_pattern da za ka ba shi ya tsaya in ya ga irin wannan amsa. Ka yi amfani da shi.

Sai maganar maimaituwa. An taɓa miƙa mini kula da wata rauta a nan Garwa da ake kukan tana nauyi. Da na buɗe jerin dokokin tsaronta, sai na ga doka ɗaya, harafi bai bambanta ba, an jera ta ɗaruruwa, ina gangarawa ba ta ƙarewa. Wanda ya riƙe ta a baya ya bar sikirif da ke buga add kowane dare, RouterOS kuwa ba ta tambayar ko dokar tana nan, ƙarawa kawai take yi. Duk sikirif ɗin da za ka rubuta ya zama ko an gudanar da shi sau biyu sakamakon ɗaya ne: ya duba tukuna, in abin yana nan ya gyara da set, in babu ya ƙara. Ka riƙa sa wa kowace doka comment naka na musamman don ka same ta da find. Kuma a nan ne za ka ji SSH ya fara yi maka kaɗan, sai ka koma API na MikroTik, wato hanyar da sikirif ke magana da rauta kai tsaye, da laburaren librouteros, wanda ke dawo maka da bayani a tsare, kowane abu da lambarsa, ba sai ka yi ta yanka rubutu ba. Daga RouterOS 7.1 akwai REST ma, da requests kawai za ka yi magana da ita. Amma ƙofar API ta 8728 ba ta ɓoye komai, har kalmar sirri a fili take wucewa. Ka bi ta 8729, ko ta cikin VPN, WireGuard yana cikin 7. Kuma a /ip service ka taƙaita adireshin da aka yarda ya shigo. Ka tuna ramin Winbox na 2018 da aka bi aka kwashe kalmomin sirrin dubban rautoci a duniya. Duk wadda ka samu tana kan tsohuwar 6 ba a sabunta ba, ka fara da ita.

Kalmar sirri kada ta shiga cikin sikirif. Mu nan mun saba tura wa juna fayil ta WhatsApp don a taimaka a duba, kuma da zarar ya fita ba ka da iko da inda zai tsaya. Ka karɓe ta da getpass ko daga fayil dabam da git ba ya gani. Ka buɗe wa sikirif mai shiga nasa na kansa, don in ka duba log ka bambance aikinsa da na mutum. Log ɗin ma ba shi da amfani in agogo ba daidai ba, kuma yawancin ƙananan MikroTik ba su da batirin agogo, don haka NTP, mai daidaita agogo ta rezo, yana cikin abubuwan farko da za ka daidaita a duka. Ka kula, yadda ake rubuta umarninsa a 6 daban ne da na 7, haka ma OSPF da BGP, saboda haka sikirif ya fara tambayar /system resource ya san da wa yake magana.

Wurin gudanarwa kuma kada ya zama laftof ɗinka da ke jone da data ta waya. Ka sami ƙaramar kwamfuta mai Linux a babban ofis a kan batiri, ka shiga ta SSH ka yi aikin cikin tmux, don in layinka ya yanke aikin ya ci gaba. Kada ka tura wa talatin a lokaci guda. Ɗaya tukuna, wadda za ka iya zuwa wurinta da babur cikin Marwa, sai uku, sai sauran, na Mora da Yagwa su zo ƙarshe, kuma da safe, ba daren Juma'a ba.

Don gwaji, ka sauke CHR, wato RouterOS mai gudana cikin VirtualBox ko GNS3. Na kyauta an taƙaita saurinsa zuwa megabit 1, wanda ya ishi mai koyo. A kansa za ka gwada dabarar scheduler ɗin nan, ka kulle kanka waje da gangan ka ga ta dawo, kafin ka kai ta kan rautar mutane. In data ta yi maka tsada, pip download zai sauke Netmiko da duk abin da yake buƙata sau ɗaya, ka zuba a filasha ka riƙa sakawa da --no-index.

Ka turo mini jerin nau'in rautocin da lambar RouterOS da ke kan kowacce, da kuma abin da show ip ssh ya nuna a suwic-suwic ɗin, domin tsofaffin Cisco wani lokaci sai an sake musu makullin RSA na 2048 kafin su yarda da SSH na zamani. Kada ka haɗa da adireshi ko kalmar sirri. In na gani, in sha Allahu zan turo maka sikirif ɗin ajiyar da nake amfani da shi ka gyara shi daidai da naka.