Ɗana na amai duk lokacin da muka shiga mota, in ba shi maganin barci?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana shekararsa ɗaya da wata takwas. Da zarar mun shiga mota, ba ma cika rabin awa sai ya fara hamma, yawu na dalala, goshinsa ya yi gumi mai sanyi, sai amai. Abin ya kai ina fargabar tafiya. Maƙwabciyata ta ce in riƙa ba shi cokali ɗaya na Phenergan kafin mu tashi, wai zai yi ta barci har mu isa. Na sayo, amma ban ba shi ba tukuna. Don Allah a taimaka mini, hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya. Kin kyauta da kika dakata, kuma kwalbar nan kada ki buɗe ta.

Abin da kika bayyana ya yi kama da jirin mota: kunnen ciki yana jin motsi, ido kuma yana kallon bayan kujera da ba ta motsi, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Sai dai ba kasafai yake kama yaran da ba su kai shekara 2 ba, ya fi yawa tsakanin shekara 2 zuwa 12. Don haka yana da kyau a duba miki kunnensa sau ɗaya, a tabbatar ba wani abu ne daban ba.

To, mu dawo kan Phenergan, don a nan haɗarin yake. Ainihin sunan maganin promethazine, kuma tun shekarar 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa aka rubuta masa gargaɗi mafi tsanani: haramun ne a bai wa yaron da bai cika shekara 2 ba, saboda yana danne numfashi har ya kai ga mutuwa. An samu yaran da suka rasu a kan haka, kuma ba duka ne aka cika musu awo ba. Babu wani "ɗan kaɗan" da zan ce miki ba shi da illa ga mai wata 20.

Kusan kullum sai na yi wannan bayanin, kuma kullum amsar ɗaya ce: ai wance ta ba nata, bai yi komai ba. Wance ta yi sa'a, Allah ya tsare. Barcin da maganin nan ke sa yaro ba irin barcin da kika sani ba ne. Ki duba yadda abin yake a mota. Yana ɗaure a kujerarsa, kai ya langaɓe, haɓa ta danne ƙirji, numfashi yana raguwa, ke kuma kina gaba kina murna yau bai yi kuka ba. In amai ya taso masa a wannan halin, ba shi da ƙarfin tarin da zai fitar da shi, sai ya gangara huhu. An taɓa kawo mini yarinya bayan doguwar tafiya, an yi ta jijjiga ta ba ta farka ba, numfashinta sama-sama. Mahaifiyarta ta rantse rabin cokali ta ba ta. Da muka bincika, ashe da safe an ba ta maganin tari, shi ma ɗauke yake da sinadari mai sa barci. Ta tashi, amma sai da ta kwana da iskar oksijin a hanci.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu sayar da magani da ke miƙa wannan kwalbar ba tare da sun tambayi shekarun yaro ba. Sai ka ji an ce "ba shi cokali ɗaya". Wane cokali? Na gidanki da na gidan maƙwabciyarki ba girmansu ɗaya ba. Awon maganin yara da sirinji ake yi, bisa nauyin jiki. Wasu ma har maganin tari mai kodin suke bayarwa don yaro ya yi shiru a hanya, alhali kodin ba a ba wanda bai kai shekara 12 ba. Kuma wani yaron maimakon ya yi barci, sai maganin ya birkita shi, ya yi ta ihu da fizge-fizge har a isa.

Ga abin da za ki yi a maimakon haka. Ku tashi a lokacin da ya saba barcinsa na rana. Kada ya shiga mota da yunwa, kada kuma a cika masa ciki. Abinci mara maiƙo kaɗan ya isa, ruwa kuma kurɓi-kurɓi. Waya da littafin hotuna a ajiye su, su ne manyan masu tayar da jirin. A sauke gilashi iska ta shigo, a guji turare mai ƙarfi da hayaƙin taba. Direba ya rage taka birki da shan kwana da gudu. Kin riga kin san alamunsa, wato hamma da dalalar yawu, to da kin gan su ku tsaya a gefen hanya. Ki fito da shi, ya kwanta rigingine na ɗan lokaci, ki ɗora masa tsumma mai sanyi a goshi.

Kada amai ya sa ki ciro shi daga kujerarsa ki rungume a cinya, balle a kujerar gaba. Jakar iskar da ke fashewa lokacin haɗari tana iya kashe ƙaramin yaro. Ya zauna a baya, a ɗaure, wani babba a gefensa da tawul da kayan canji.

In ya wuce shekara 2 abin bai lafa ba, akwai wani maganin jirin mota mai suna dimenhydrinate da likita zai iya auna masa, a sha minti 30 zuwa 60 kafin tashi. Magungunan ƙaiƙayi da atishawa irin su cetirizine da loratadine ba sa aiki a kan jirin mota, kada ki ɓata kuɗinki.

Jirin mota yakan lafa bayan an sauka. Idan aman ya ci gaba awanni bayan kun isa, ko yana yi ba a mota ba, ko da zazzaɓi, ko aman ya zo kore, ko yana tangaɗi in yana tafiya, ko ya yi awa 8 bai yi fitsari ba, ki fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS kaɗan-kaɗan, ki wuce da shi asibiti a ranar.